Amsa ga Hajiya kan lissafin fansho: kowane zubi da shekarunsa

Wa alaikumus salam Hajiya. Na ga tambayar da kika kawo ta yaronki da ke ajin ƙarshe na sakandare a Sidni: ma'aikaci yana zuba dala 2,000 a asusun fansho a farkon kowace shekara, kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100, nawa zai tarar bayan shekara 25? Kin ce shi ya samu 109,729, littafi kuma ya ce 116,313, har ya fara cewa kansa ba ya ɗaukar wannan darasi.

Ki kwantar masa da hankali, kansa lafiya lau. Na daɗe ina koyar da lissafi a babbar sakandare, kuma wannan amsar tasa ta ɗalibin da ya iya aiki ce. Ya ɗauki fomular da aka gina don mai zubi a ƙarshen shekara, ya ɗora ta kan mai zubi a farkon shekara. Ya ninka 109,729 ɗinsa da 1.06 yanzu, zai ga amsar littafi ta fito. Amma kada a tsaya nan, domin in bai ga dalili ba, gobe za a juya tambayar ya sake faɗawa.

Ga yadda nake yi da ɗalibaina. Ina hana su taɓa fomula tukuna. A manta da shekara 25, a yi uku kawai da biro. An zuba 2,000, shekara ta ƙare ya zama 2,120. An ƙara 2,000, ya zama 4,120, ruwa ya hau ya koma 4,367.20. An sake ƙarawa, 6,367.20, ƙarshen shekara ta uku 6,749.23. Ruwan shekara ta biyu ya hau har kan dala 120 da shekarar farko ta haifa, abin da ake nufi da ruwa kan ruwa ke nan.

Sai in ce a sake, amma ta wata hanya: a ja dogon layi a takarda, a tsaga shi gida-gida, kowane gida shekara ɗaya, a bi kowane zubi shi kaɗai. Kamar 'ya'yan gida ɗaya ne, ɗan fari ya fi kowa daɗewa yana girma, auta bai jima da zuwa ba. A shekara ukun nan zubin farko ya zauna shekara uku, wato 2,000 × 1.06^3 (a ninka da 1.06 sau uku), na biyu shekara biyu, na uku shekara ɗaya. A haɗa su, 6,749.23 ɗin nan ce dai ta dawo. Lokacin da yaro ya ga hanya biyu sun kai shi gida ɗaya, za ki ga ya ajiye biro ya ɗago kai. Daga nan ba ni da sauran wahala da shi.

Yanzu a miƙa layin zuwa 25. Zubin farko ya shekara 25 cif, ya zama 8,583.74. Na ƙarshe an zuba shi a farkon shekara ta 25, don haka ya samu shekara guda, ya zama 2,120. A jera daga ƙarami: 2,000 × 1.06, sai 2,000 × 1.06^2, har zuwa 2,000 × 1.06^25. Wannan jeri ne mai ninkuwa, GP ɗin da ya riga ya karanta. Lambar farko 2,120, ana ninkawa da 1.06, guda 25 ne. Jimla ita ce 2,120 × (1.06^25 − 1) ÷ 0.06, wato 116,312.77. Da a ƙarshen shekara ake zubin, na ƙarshe bai samu ko kwana ɗaya na ruwa ba, lambar farko ta zama 2,000, amsa ta zama 109,729.02. Kalma ɗaya a cikin tambaya ta jawo bambancin dala 6,583.74. Shi ya sa nake sa su ja layi a ƙarƙashin "farko" ko "ƙarshe" kafin su kunna kalkuleta.

Ki tambaye shi wane kwas yake yi, don a HSC, jarrabawar kammala sakandare ta jihar New South Wales inda Sidni take, hanya biyu ce. Masu Advanced ana so su gina jerin da kansu, kuma ana ba su takardar fomuloli mai ɗauke da ta GP, saboda haka haddar fomula ba ita ce matsala ba, sanin abin da za a sa a cikinta ne. Masu Standard 2 kuwa yawanci tebur ake ba su. A teburin, inda kashi 6 ya haɗu da 25 zai ga 54.8645, kuma wannan lamba ta zubin ƙarshen shekara ce. Ina kyautata zaton daga irin nan amsarsa ta fito.

Akwai wasu ramuka da na ga sun cinye wa yara maki. Babbansu shi ne in aka ce ruwan na hawa wata-wata. A nan kashi 6 ya koma rabin kashi ɗaya a wata, wato 0.005, shekara 25 kuma ta koma wata 300. Da yawa sai su rubuta 0.05, ko su raba ruwan su manta da sauya shekarun. Zubin 2,000 guda ɗaya a wannan tsari zai kai 8,929.94 maimakon 8,583.74. Na biyu, yanke lamba tun a tsakiya. 1.06^25 ya kama 4.29187, in ya gajarta shi zuwa 4.29 amsar ƙarshe za ta ragu da kusan dala 66, makin amsa ya tafi. Ya bar lambar a kalkuleta sai ƙarshe.

Ina kuma so ya riƙa auna amsarsa da ido. A raba 72 da kashin ruwa, a samu kimanin shekarun da kuɗi ke ninkuwa biyu. A kashi 6, shekara 12 ke nan. To a shekara 25 zubin farko ya ninka sau biyu da ɗan ɗori, 2,000 ta wuce 8,000 kaɗan. In ya ga 20,000, ya san yatsa ya zame.

Wani abu da ke sa yara su ɗauki darasin da muhimmanci shi ne sanin cewa ba tatsuniya ba ce. Tun 1992 dokar Ostireliya ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata zuba musu wani kaso a asusun da suke kira super, kuma daga 1 ga Yuli 2025 kason ya kai 12 cikin 100. Mu ma a Najeriya irin tsarin muke kai tun dokar fansho ta 2004, wadda gyaran 2014 ya mai da ita kashi 10 daga mai ɗaukar aiki, 8 daga albashin ma'aikaci. Na san wasu iyaye ba sa jin daɗin darasin saboda batun riba, kuma ina girmama hakan. Sai dai lissafin bai taƙaita ga ruwan banki ba, da shi ake auna haɓakar jarin halal, da ƙaruwar jama'a, da faɗuwar darajar mota. A tambayar nan, 50,000 kawai mutumin ya zuba da hannunsa, sauran 66,000 da 'yan kai lokaci ne ya kawo su. Yaron da zai fara aiki nan da 'yan shekaru ya kamata ya ga wannan da idonsa.

In ya gama, ki ba shi wannan ya gwada: zubi da ruwa ba su canza ba, shekara nawa kafin asusun ya haura 200,000? In n shi ne yawan shekarun, zai kai ga 1.06^n ya fi 6.6604, ya ɗauki log ya samu 32.54. Amsa 33 ce, domin a ƙarshen shekara ta 32 kuɗin bai kai ba. Ya turo hoton aikin gaba ɗaya har da layin da ya ja, in duba masa in sha Allahu.