Kwanon da aka aiko makarantar tauhidi

Maigidana,

Saƙonka ya iso tun ranar Talata. Sai da ƙanwarka ta karanta min shi sau biyu, don a karon farko dariya ta hana ni jin ƙarshensa. Ita ce ma ke buga wannan a waya, in ka ga kuskure nata ne. Wai maƙwabtan makarantarku sun aiko muku da naman layya, cinya guda da soyayye cikin kwano, ɗalibai suka rabu biyu, wasu suka ce a ci, wasu suka ce a ba mai gadi, har sha biyun dare ana buɗe Littafi Mai Tsarki nama yana sandarewa. Shi ne kake tambayata yadda al'adar gidanmu take, da dalilin da ya sa har yau in Kirsimeti ta zo nake aikawa a kira Musulmi ya yanka min akuya. Ka kuma ce malaminku mai koyar da zaman Kirista da Musulmi zai kai ku masallaci, gabanka yana faɗuwa.

Na yi dariya, amma daren nan barci bai zo min da wuri ba. Jikan mutanen Wusasa, ga gemu ya fara fitowa, a ce bai taɓa sa naman layya a bakinsa ba. Ban ga laifinka ba. Bayan rikicin Jos na Satumban 2001 aka haife ka, ka buɗe ido ka tarar kowa ya kwashe kayansa ya koma unguwar 'yan addininsa, to wa zai aiko maka?

Mu da muka tashi ba mu san wannan tambaya ce ba. Tun da mishan ta bar cikin birnin Zariya ta koma Wusasa a 1929, kusan kowane gida a wajenmu yana da dangi a birni. Kawuna, wan Inna, alhaji ne, gidansa na cikin ganuwa. Ranar Babbar Sallah kafin la'asar za ka hango 'ya'yansa da tire a ka, ranar Kirsimeti mu ne da tire a ka muna bin hanyar birni. Inna takan ce zumunta a ƙafa take, amma a ka ake ɗaukar ta. Kuma kada ka ɗauka mutanenmu baƙi ne a ƙasar nan: Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 da hannun Likita Mila na Zariya a aikinsa, likitan farko da Arewa ta samu kuwa, Barau Dikko, Kirista ne ɗan wajenmu, da shi aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa.

A 1974 aure ya kai ni Filato. Kakanka ya so shiga babbar kwalejin tauhidi ta Bukuru, wadda aka buɗe a 1959, amma can da Turanci ake karatu, nasa kuwa bai wuce na gaisuwa ba. Sai ya shiga wata ƙarama da ake koyarwa da Hausa. Aka ba mu ɗaki ɗaya a layin ma'aurata, madafa ɗaya mu mata huɗu: ni, da 'yar Birom, da 'yar Angas, da wata doguwa 'yar Bachama daga Numan mai muryar da ake ji har gona. Da Hausa muke faɗa, da Hausa muke shiryawa, da ita muke waƙa a Zumuntar Mata. Can na koyi dafa acca da gwate, su kuma suka koyi miyar kuka a hannuna. Maza suna aji da safe, da yamma kowa ya ɗauki fartanya, don babu mai ciyar da kai sai gonarka. Mu ma muna da ajinmu, karatu da ɗinki da saƙar rigunan sanyi.

Bayan kududdufin da masu haƙar kuza suka bari akwai ƙauyen Hausawa, Kanawa da Katsinawa da aikin kuza ya kawo iyayensu. Can mahauci yake, can wanzami yake, can ake niƙa. Ƙararrawar makaranta ba ta taɓa tashe ni ba, kiran assalatu ne yake riga ta, in na ji shi na san lokacin hura wuta ya yi.

To ga ranar da nake so ka ji. Juma'a, 13 ga Fabrairu 1976. Da hantsi muka ga maza sun fito daga aji sun zagaye rediyon wani malami. An harbe shugaban ƙasa Murtala a Legas. Da aka ambaci sunan Dimka, sojan da ya jagoranci yunƙurin juyin mulkin, sai na ga fuskar maƙwabciyata ta canza, don kowa ya san ɗan Filato ne, kwana goma ke nan kacal da Murtala ya raba mana jihar da Binuwai. Shugaban makaranta ya ce kada wanda ya fita, kada wanda ya je ƙauye. Aka shiga ɗaki tun magariba, ko kukan yara ba ka ji. Wannan daren ne ubanka, da bai taɓa sanin lokacin da ya dace ba har yau, ya ce shi fa zai fito.

Babu mota, asibiti da nisa, ga hunturun Filato mai shiga ƙashi. Tun sha ɗaya nake durƙushe, har ƙarfe biyu babu labari. 'Yar Numan ta dubi kakanka ta ce masa ya ci gaba da addu'arsa, ita za ta je ta yi tata da ƙafa. Ta ɗauki fitila ta tsallake dokar shugaba ta zagaya kududdufi ita kaɗai, ta je ta buga ƙofar tsohuwar da ke karɓar haihuwa a ƙauyen, wadda kowa ke kira Goggo.

Ina tuna idonta da ta shigo. Ja wur, ta yini tana kukan Murtala. Ta san daga inda wanda ya yi kisan ya fito, ta kuma san gidan da aka kira ta. Ba ta ce komai a kai ba. Ta wanke hannu, ta kori maza, ta ce min, "'Yar nan, riƙe ni." Tana bismillah tana shafa min ciki, 'yar Numan tana riƙe da kafaɗuna tana kiran sunan Yesu da wannan murya tata, babu wadda ta ce wa wata ta yi shiru. Yaro ya fito da cibiya naɗe a wuya, bai yi kuka ba. Na ga Goggo ta sa yatsa ta warware, ta juya shi, ta tsotse masa hanci da bakinta, ta ɗaɗa masa duka. Da ya tsala ihu sai ga matan nan biyu sun rungume juna, ɗaya tana alhamdulillahi, ɗaya tana halleluya. Ni dai ruwa nake nema.

Kwana bakwai tana zuwa kowace safiya, ita ce wankan jego da ganyen darbejiya, ita ce kunun kanwa. Kuɗin da kakanka ya miƙa mata ta ce ya ƙara a na rago.

Ragon ne ya kawo magana. Kakanka ya ce limamin ƙauye ne zai yanka, don Goggo da mutanenta su ci da sakin jiki. Sai wani ɗalibi ɗan ajin ƙarshe ya ce sam. Ya ce makarantar da ake horar da masu bishara, ga hannu ga wuƙa, a rasa mai yanka sai an aro? Ya ce shi ba zai ci ba. Wasu suka fara cewa ya cika tsanani, amma ni na san abin da ke cinsa. Almajiri ne shi tun yana yaro, ya yi nisa a allo, da ya karɓi baftisma mahaifinsa ya fitar masa da kayansa waje, matarsa aka raba shi da ita. Mutum irin wannan ba ka koya masa zafin wuta.

Magana ta kai aji. Malaminsu, wani Bature da ya iya Hausa har da karin magana, ya ajiye darasin ranar ya ce a buɗe Korintiyawa ta fari, sura takwas da ta goma, inda Bulus ya yi maganar naman kasuwa da kuma gayyatar da wanda ba mai bi ba zai yi maka. Sannan ya ce a buɗe Romawa sha huɗu, inda ya ce kada ka ɓata ran ɗan'uwanka saboda abinci. Kwana biyu suna abu ɗaya. Ni ina ɗaki ina jego, 'yar Numan ce ke laɓewa a taga tana kawo min rahoto. Kakanka ya dawo ya zauna bakin gado ya dafe kai, ya ce aya ɗaya ta ba shi maƙwabci, ɗaya ta ba shi ɗan'uwa, rago kuwa ɗaya ne. Na ce masa Inna takan ce mai baƙo biyu ba ya ɗora tukunya ɗaya. Ka sayo zakara.

Ranar suna, Juma'ar da ta zagayo, liman ya zo da sassafe da dattawa uku. Kafin a yi komai shugaban makaranta da ɗalibai suka jeru suka yi musu gaisuwar Murtala, kamar a gidansu aka yi mutuwar. Na ga tsohon ya yi shiru, ya ce Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Ya yanka rago. Kakanka ya koma bayan madafa ya yanka zakara da hannunsa, aka dafa shi a tukunya daban. Fasto ya yi addu'a ya raɗa suna. Da liman ya ji labarin tukunya biyu sai ya yi murmushi, ya ce ai a wurinsu ma Suratul Ma'ida ta halatta musu abincin ma'abota Littafi, sai dai tumbin mutanensa bai yi karatun Ma'ida ba. Ya fara jawo ayar, ya ɗan tsaya ya gyara murya, sai ga ɗalibin nan mai zakara daga can gefe ya ƙarasa masa ita.

Tsit aka yi. Liman ya dube shi, ya gane komai. Ya ce, "Malam, matso kusa." Suka zauna gindin itacen turare tun hantsi. Ɗalibai suka bar shinkafa suka kewaye su. Sun yi maganar Ibrahim da ɗan da aka kai yanka, wannan ya ce Ishaku, wancan ya ce Isma'ila. Sun yi ta Maryamu, sun yi ta gicciye, a nan murya ta ɗan tashi har na ji ta daga ɗaki. Babu wanda ya sassauta wa wani ko da ƙwayar gero. Liman ya tashi ya tafi masallacin Juma'a ya dawo, suka ɗora daga inda suka tsaya. Da la'asar ta yi ya duba rana, kafin ya buɗe baki mutumin nan ya riga ya tashi, ya ɗebo ruwa a buta, ya shimfiɗa tabarmata sabuwa, ya daidaita ta gabas ba tare da ya tambayi kowa ba. Ya koma gefe ya tsaya yana korar yara har aka sallame. Bayan sun tafi ya zauna ya cinye zakaransa. Ragon bai taɓa ba, har ya bar makarantar kuma ban ga ya ci yankan ƙauye ba. Amma duk Asabar za ka gan shi a zauren liman.

Yanzu na ji abin ya zama darasi mai jarrabawa, har a kan tara ku a otal a rataya ƙyalle, a yi jawabi, a ɗauki hoto, a ba kowa kuɗin mota. Ban raina ba. Sai dai ina mamakin wanda zai tsallake mai shayin ƙofar makarantarsu bai san sunan 'ya'yansa ba, ya tafi Abuja tattaunawa. Limamin nan na Nghar a ƙasar Barikin Ladi, Abubakar Abdullahi, da ya ɓoye Kiristoci fiye da ɗari biyu masu gudun mahara a masallacinsa da gidansa a watan Yunin 2018, maƙwabtansa ne da ya san su tun suna goye.

Kada ka ce kakarka waliyyiya ce. Da abin Kafanchan ya faru a watan Maris na 1987, wuta ta iso har Zariya aka ƙone majami'u, shekara biyu ban aika tire gidan Kawu ba. Nasu ya zo, na karɓa a bakin ƙofa na ba almajirai, na mayar da kwano wayam. Inna tana da rai lokacin, ta ce min sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ke kuma ga ki da diga a hannu. Ban ji ba sai da Kawu ya kwanta ciwon ajali. Goggo kuwa, bayan mun bar Filato ban koma na gaishe ta ba ko sau ɗaya. Yau ne gobe ne, sai labarin rasuwarta na ji a bakin wani direba, an yi wata biyar da binne ta. Ubanka bai san fuskarta ba.

Batun ko ka ci ko kada ka ci, kai ne mai karatun tauhidi, ni ajin ɗinki na yi. Ka duba ko a cikin waɗanda suka ƙi akwai mai irin ciwon mutumin zakara, in akwai kada ku yi masa dariya. Abin da nake so ka gaya min shi ne ina kwanon mutane yake. Cikin dogon saƙonka ban ji ka ambace shi ba. A wanke shi da toka ya yi haske, a zuba ko ƙwai ne ko dankali daga gonar makaranta, kai da kanka za ka kai, ka durƙusa ka yi musu barka da Sallah, ka tambayi sunan wadda ta soya.

Na masallaci kuma sai ka zo hutu, yarinyar nan ta ce yatsunta sun gaji kuma cajin wayar ya kusa ƙarewa. Ka dai duba safarka tun yanzu, don a ƙofa ake cire takalmi, na san halinka da safa mai huji. In za ka zo ka taho min da acca mudu biyu, ta nan duk tsakuwa ce.

Kakarka.