Hukuncin Shagon Gem: Da Gaske Ne Yana Mayar Da Yara 'Yan Daba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Na gama makaranta ban samu aiki ba, sai yayana ya haɗa mini jari na buɗe shagon gem, PlayStation biyu da talabijin biyu da ɗan janareta. Galibi ƙwallo ake bugawa, wanda aka cinye shi ke biyan kuɗin wasan. Wani dattijo a layinmu ya ce kuɗina haram ne, wai gem ne ke mayar da yara 'yan daba. Yanzu mahaifiyata ta daina karɓar kuɗin cefane daga hannuna. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi wa nemanka albarka, ɗana. Ba ka zauna a bakin titi kana jiran a ba ka ba, kuma hankalinka ya tashi saboda mahaifiyarka. Duka biyun alamar alheri ne.

Asalin wasa halal ne matuƙar bai haɗu da haram ba, bai kuma hana wajibi ba. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Masu haramta gem baki ɗaya suna kafa hujja da hadisin da ya hana wasan nardu (wani wasan allo mai kama da ludo) da ke cikin Sahihu Muslim, da maganar littafin Risala na fiƙihun Malikiyya cewa bai halatta a yi wasan nardu ko shaɗaranji (wato chess) ba. Muna girmama su, amma ƙiyasin bai zauna ba. Nardu an gina shi ne a kan jefa 'ya'yan ƙuri'a irin na ludo, abin da ya faɗo shi ke raba gardama, kuma da shi aka san 'yan caca. Shaɗaranji kuwa malamai sun saɓa a kansa, Imamu Shafi'i bai wuce karhantawa ba. Ƙwallon da yara ke bugawa a shagonka gwaninta ce ta hannu da ido, shi ya sa gwani ke cinye ɗan koyo kullum.

Sai batun daba. Zargi ne mai nauyi, kuma ba a gina haramci a kan ji-ta-ji-ta. An fara sayar da PlayStation a Japan a 1994, alhali duk dattijon Kano ya san daba ta girmi wannan na'ura nesa ba kusa ba. Japan da Koriya ta Kudu suna cikin ƙasashen da aka fi buga gem, kuma suna cikin waɗanda kisan kai ya fi ƙaranci. A 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ta ce babu isasshiyar hujjar ilimi da ke nuna gem na faɗa shi ke jawo aikata ta'asa. Abin da ke kai yaro daba mun san shi: ƙwaya, zaman banza, mugun aboki, ɗan siyasar da ke raba kuɗi lokacin zaɓe, da uban da bai san inda ɗansa ya kwana ba. Ina jin ciwo idan muka bar jaki muna dukan taiki.

Amma akwai magana guda a tambayarka da ka wuce ta da sauri, kuma ita ce ta canza hukuncin: wanda aka cinye shi ke biya. Wannan caca ce. Yara biyu sun zauna, kowanne bai sani ba ko zai tashi ya yi wasa kyauta ko zai biya na mutum biyu. Ƙanƙantar kuɗin ba ta fitar da shi daga maisir, wato caca. Ka daina wannan tsarin daga yau. A biya kafin a ɗauki abin bugawa, kowa ya ba da rabinsa, ko ɗaya ya biya wa abokinsa don ransa tun ba a san wa zai ci ba. Abin da ya wuce cikin rashin sani ka yi istigfari. Haka idan 'yan kallo suka fara zuba kuɗi a kan wa zai ci, ka tashe su.

Kada kuma ka ɗauka na ce gem ba shi da illa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019: mutum ya kasa tsayawa, ya fifita shi a kan barci da karatu, ya ci gaba yana ganin ɓarnar da idonsa. Ba kowane mai wasa ba ne, amma kai za ka fara gane shi, yaron da ya riga ka zuwa shago da safe da kayan makaranta a jikinsa. Kada ka karɓi kuɗinsa. Yaron da ya zo da kuɗin da ya fi ƙarfin aljihunsa, ka tambayi daga ina. In an kira salla ka kashe janareta, ku tafi masallaci tare. Ka rufe da wuri saboda maƙwabta. Gem mai tsiraici ko sujada ga gunki kada ya shiga shagonka.

Dattijon nan kada ka yi masa musu a gaban jama'a. Ka same shi a gida, ka gaishe shi, ka gaya masa gyaran da ka yi. Mahaifiyarka kuma tsoron haram ne ya hana ta karɓa, ka gode wa Allah da ya ba ka irinta. Ka karanta mata wannan amsa, in ka gyara tsarin biyan, ta ci cefanenka hankali kwance.

Wallahu a'alam.