Tsohon katako mai ramukan ƙwari

Ka ce ka ga a waya kafintocin Amurka suna kwance tsofaffin rumbunan gona, suna sayen katakon da tsada alhali duk ramukan ƙwari ne a jikinsa, kana tambaya ko ba su da sabon katako ne. Suna da shi, yaro. Wannan ɗin ne ba su da sabonsa.

Sunan itacen cesnat. Da can ya cika dazukan gabashin Amurka, musamman tsaunukan Apalachiya, yana kai mita 30 a miƙe, ba karkata. Katakonsa ba nauyi, yana tsagewa a layi, kuma ruwa ba ya ruɓar da shi da wuri, domin yana ɗauke da irin sinadarin da majema ke nema a bagaruwa. Shi ya sa suka yi ta turakun waya da shi, da shinge, da katakon shimfiɗa layin dogo. 'Ya'yansa kuma a gasa a ci.

A 1904 aka fara lura da wata cuta mai kashe itacen a gidan namun daji na Bronx, a birnin New York. Wata funfuna ce da ta shigo jikin itatuwan da aka kawo daga Asiya. Tana shiga ta inda ɓawo ya tsage, ta zagaye gangar jikin, sama ta bushe. Kafin 1950 ta gama da itatuwa wajen biliyan 3 zuwa 4. Matattun suka daɗe a tsaye, ƙwari suka huda su, sannan aka sare aka yanka. Ramukan da ka gani ke nan.

Cutar dai ba ta kashe saiwa. Har yau kututture yana toho, ya ɗan tasa, ta sake kama shi tun bai isa zarto ba. Tun 1983 gidauniyar American Chestnut Foundation take haɗa irinsa da na Sin, wanda ke jure cutar, tana neman itace mai tsayin na Amurka da juriyar na Sin. Wasu masana a jihar New York kuma suka sa wa cesnat ɗin ƙwayar halitta ta alkama don ya jure cutar, amma a 2023 gidauniyar ta janye hannunta daga wannan. Ni na fi yarda da haɗin irin, ko da yake aiki ne na jinkiri.

Mu nan ba cuta ta ci madobiyarmu ba, injin sara ne. An yi ta kwasarta daga Taraba zuwa Sin har aka sa ta a jerin itatuwan da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta taƙaita cinikinsu a 2016.

In tsohon katako irin wannan ya zo hannunka, fara da zare ƙusoshi duka kafin ka kai shi bakin inji, ƙusa ɗaya ta isa ta karya haƙorin zarto. Sanfefa kaɗan, kada ka cinye fuskar. Ramukan kuma kada ka cike su, su mai saye yake biya.