Tambayoyinku: Gidan da ko ɗakin karensa ba a taɓawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena yana aikin jinya a yankin Kent na Ingila. Kwanan baya ya turo mini hoton wani tsohon gida da ruwa ya zagaye, ya ce ya kusa shekara 700, wai ko ɗakin karen da ke tsakar gidan doka ta hana a taɓa. Na ce masa ya fara shara ta irin ta 'yan ci-rani. Da gaske ne? Kuma yaya mutum zai mallaki gida a hana shi gyara yadda ransa yake so? Daga wata malamar makaranta, Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Ki ba ƙanenki haƙuri, bai yi ƙari ba. Ɗakin karen nan shi ya tona mini asirin gidan: Ightham Mote ne, ana furta shi Aitam Mot, kusa da garin Sevenoaks. An gina ɗakin wajen 1890 don wata ƙatuwar karya mai suna Dido, kuma yana cikin mataki mafi girma na kariya.

Irin wannan gida kamar gidan hakimi ne a wurinmu. Mai shi ne ke da gonakin kewaye, talakawa na noma suna biyan haya, a gidan ake yanke ƙananan shari'u. Zuciyarsa babban zaure ne mai dogon rufi, inda a zamanin da ake hura wuta a tsakiyar daɓe hayaƙi ya fita ta sama, maigida da barorinsa su ci abinci wuri guda. Na Ightham tun ƙarni na 14 yake tsaye. Daga baya kowane mai gida ya ƙara nasa, har ɗakuna suka haura 70, duk suna fuskantar tsakar gida kamar yadda muke yi. Ƙasan bangon dutse ne, wani sashen na sama katako ne da aka harɗa aka cike tsakaninsa da yaɓe. Ruwan da kika gani gwalalo ne, irin wanda ake haƙawa a bayan ganuwa. Yana hana ɓarawo, amma ni a ganina rabinsa nuna isa ne.

Yanzu ga dokar. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu Ingila take rubuta tsofaffin gine-ginenta a wata rajista, dokar da ake aiki da ita kuma ta 1990 ce. Hukumar Historic England mai kula da gine-ginen tarihi ke ba da shawara, minista ya amince. Mataki uku ne. Fiye da kashi 90 cikin ɗari suna na ƙasa, na ƙoli kuwa bai kai kashi 3 ba. Kusan duk ginin da ya riga 1700 kuma bai sauya kama ba yana ciki. Gidan na mai shi ne, zai kwana, zai sayar, zai bar wa magada. Abin da bai isa ya yi ba shi ne ya cire taga, ya fasa bango ko ya sauya rufi, ciki ko waje, sai ƙaramar hukuma ta ba shi izini a rubuce. Wanda ya yi gaban kansa laifi ya aikata: tara, ko ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, kuma a sa shi ya mayar da komai yadda ya same shi da kuɗin aljihunsa.

Kada ki ɗauka Turawan nan haka aka haife su da son kayan tarihi. Sai da suka yi ɓarna tukuna. Harajin gado ya yi nauyi, yaƙi ya cinye magada, barori suka koma aikin masana'antu, sojoji suka zauna a wasu gidajen suka bar su kaca-kaca. A shekarun 1950 gidaje irin wannan aka yi ta rushewa ana sayar da katako da darmar rufi. Ightham ma da ƙyar ya sha. A 1951 aka sa shi kasuwa, wasu mutanen yankin su uku suka haɗa kuɗi suka tare shi, sannan a 1953 wani Ba'amurke, Charles Henry Robinson, ya saya. Da ya rasu a 1985 ya bar wa ƙungiyar National Trust mai adana wuraren tarihi, wadda aka kafa tun 1895.

Nan ne abin ya fi burge ni, don ni aikina zanen gini. Ƙungiyar ta tarar ƙwari da danshi sun cinye katakon. Daga 1989 zuwa 2004 suka yi ta kwance gidan sashe-sashe suna gyarawa suna mayarwa, suka kashe wajen fam miliyan 10. Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce duk abin da zai gyaru ba a canja shi, kuma tsohon bango da kwaɓin farar ƙasa ake liƙe shi, ba siminti ba. Dalili kuwa farar ƙasa tana barin danshi ya fita, siminti yana tsare shi a ciki.

Wannan darasin da kuɗina na saye shi. Ina saurayi, na fara samun albashi, na ce zan fitar da mahaifina kunya, na sa aka shafe zaurenmu na ƙasa da siminti. Wani tsohon magini ya ce mini, "Yaro, ka sa wa bangon nan rigar leda." Na yi dariya. Kin san ruwan Jos da sanyinta. Damina ta huɗu simintin ya ɓanɓaro faifai guda, ƙasar da ke bayansa ta zama kamar kunu. Da makuba muka ci gaba da shafawa, da zauren yana nan.

Mu ma muna da hukumar gidajen tarihi da aka kafa a 1979, kuma akwai gine-ginen da aka ayyana a matsayin kayan tarihin ƙasa, irin Gidan Makama na Kano. Sai dai ba mu da rajista mai faɗi da za ta kai ga gidan kowa, shi ya sa tsofaffin gidajen masu haƙar kuza na Rayfield da Bukuru suke hannun duk wanda ya saya.

Ran Asabar ki ɗauki ɗalibanki ku je gidan tarihi na Jos, wanda wani Baturen Ingila masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya kafa a 1952. A gefensa akwai filin gine-ginen gargajiya da aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, wanda shahararren maginin nan Babban Gwani ya gina na asalin. Ki tsaya ƙarƙashin bakan gizon rufin nan ki ɗauki hoto, ki tura wa ƙanenki. Ki tambaye shi ko su Dido suna da irinsa.