Amsa: Kiyasin bulon katanga

Malam, ka tambaya ko katangarka da ke Tumfure, mai tsawon mita 14.6 da tsayin mita 2.7, za ka iya ɗaukarta a matsayin 15 da 3 don lissafi ya zo da sauƙi. A'a, kada ka yi haka. Fara ninka ainihin awon, 14.6 sau 2.7, zai ba ka murabba'in mita 39.42. Bulo mai inci tara kusan guda 10 ke rufe murabba'in mita ɗaya, wato kana bukatar kimanin 394. Da ka cike lambobin tun farko, 45 za ka samu, bulo 450 ke nan, rarar 56 da ba ka bukata. Kiyasi a ƙarshen lissafi ake yinsa, domin ninkawa tana girmama ɗan kuskuren farko.

Sharaɗi ɗaya: dokar makaranta ta zubar da abin da bai kai rabi ba ba ta aiki wajen sayen kaya. In siminti ya fito buhu 12.3, sayi 13. Bulon kuma ƙara kashi 5 cikin 100 saboda fashewa wajen lodi da saukewa, ya zama wajen 415.