Likita, darbejiya da lemon tsami za su raba ni da kurajen fuska?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 19, ina zaune a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Taura, jihar Jigawa. Kurajen fuska sun dame ni kusan shekara uku, kuma duk wanda ya warke sai ya bar min baƙin tabo. Ina dafa ganyen darbejiya in wanke fuska da ruwan, ina goga lemon tsami da safe, manyan kuma in ɗora musu tafarnuwa. Yanzu ƙawata ta kawo min man haɗi a 'yar roba, ta ce na tsirrai ne zalla. An sa bikina wata huɗu. Magungunan itatuwa suna aiki kuwa, ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya.

Kafin mu je ko'ina, ki ajiye lemon tsami da tafarnuwar nan tun yau. Ina kyautata zaton suna da hannu a wani kaso na tabon da ke damun ki. A cikin ruwan lemon tsami da ɓawonsa akwai sinadarin da idan ya zauna a fata, rana ta doke shi, sai ya ƙona wurin. Ke kuwa da safe kike gogawa, sannan ki fita ɗibar ruwa ko kai abinci gona. Na sha ganin 'yan mata da baƙin zane a kumatu, ana iya bin sawun ɗigon lemon daga ƙarƙashin ido har haɓa, kamar an zana da tsinken kwalli. Tafarnuwa ɗanya kuma ƙuna take yi kai tsaye, wani lokaci har wurin ya ɗuri ruwa. Fatarmu ta baƙar fata tana da wata ɗabi'a: duk inda aka ɓata mata rai, da matsa ne, da dirza, ko da ƙuna, sai ta tara launi a wurin. Ƙurji kan baje cikin kwanaki, amma tabonsa yakan ɗauki wata shida zuwa shekara kafin ya dusashe. Kar garin neman gira a rasa ido.

Shi ƙurjin kansa ba ƙazanta ke kawo shi ba. A gindin kowane ƙaramin gashi na fuska akwai jakar da ke fitar da maiƙo. Da balaga ta zo, sinadaran jiki sukan sa maiƙon ya ƙaru, ya haɗu da matattun ƙwayoyin fata ya toshe ƙofar. Wata ƙwayar cuta da dama can tana zaune a fatar kowa sai ta samu wurin hayayyafa, wurin ya kumbura ya yi ja ko ya tara mugunya. Shi ya sa mata da yawa ke ganin sun taso gab da zuwan al'ada.

To, tsirrai fa? Ni ba na cikin masu raina su, don wasu magungunan da muke rubutawa a asibiti asalinsu can yake. Salicylic acid da ke buɗe toshewar fata yana da tushe a ɓawon wata bishiya da Turawa suka daɗe suna maganin zazzaɓi da ita. Azelaic acid, wanda ke rage kuraje ya kuma dusar da tabo, ana samun sa a alkama da sha'ir. Cikin man tsirrai, wanda aka fi gwadawa a kan mutane shi ne na wata bishiyar ƙasar Ostareliya, a jikin kwalba za ki ga an rubuta tea tree. A 1990 likitoci a can suka gwada shi a kan mutum 124, wasu suka shafa mai ɗauke da kashi 5 cikin ɗari na man, wasu suka shafa benzoyl peroxide, wani maganin kuraje na asibiti, shi ma mai kashi 5. Duka biyun sun rage kuraje. Na bishiyar ya fi jinkiri, amma bai cika busar da fata da sa ta ƙaiƙayi ba. Ki lura da wannan kashi 5 ɗin. An auna shi, an sirka shi. Tsantsarsa idan aka zuba a fuska, shi ma ƙonawa yake yi.

Nan ne matsalar tukunyarmu ta gida. Darbejiya, wadda asalinta daga Indiya ne, tana da sinadaran da ke kashe ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji, wannan gaskiya ne. Amma dahuwar da kika yi yau da ta jibi ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma ruwan ba ya buɗe ƙofar da ta toshe. Idan bai sa miki zafi ko bushewa ba, ba zan hana ki ɗauraye fuska da shi ba, muddin ya huce kuma ba ki bar shi ya kwana biyu a kwano ba. Sai dai shekara uku ta isa shaida cewa shi kaɗai bai isa ba. Farin majinar cikin ganyen alobera tana sanyaya fata, zuma mai kyau ma haka. Kurkur ba laifi jefi-jefi. Man kwakwa da man kitso mai kauri kuwa ki nesanta su da fuska, su ke jera ƙananan kuraje a goshi daidai bakin ɗankwali.

Man haɗin nan shi ya fi tayar min da hankali. Roba babu suna, babu lambar NAFDAC, babu jerin abin da aka zuba. Irin waɗannan sau da yawa akan tsiyaya musu man asibiti mai ƙarfi irin su clobetasol ko betamethasone, ko sinadaran bilicin. Makon farko fuska ta yi fes, kowa na tambaya me kike shafawa. Bayan wata ɗaya ko biyu sai fatar ta yi siriri, jijiyoyi su fito, kuraje ƙanana masu kama ɗaya su feso har wuya da ƙirji, in kin daina kuma fuskar ta ɗau zafi. Babu ganyen da ke haska mutum cikin kwana bakwai. Ki mayar mata da abinta cikin mutunci, ita ma ki ja mata kunne.

Wata huɗu ya ishe ki ganin canji, in kin fara yanzu. Wanke fuska sau biyu a rana da sabulu mai laushi, da tafin hannu, ba da soso ba. Idan sabulun salo kike amfani da shi kuma fuskar na ɗaurewa bayan wanka, ya yi miki kaifi. Ki nemi benzoyl peroxide mai kashi 2.5 ko 5 a kantin magani mai rajista, ki fara gwada shi a bayan kunne, sannan ki riƙa shafa ɗan kaɗan da dare, ana tsallake kwana ɗaya a farko. Yana cin launin tufafi, don haka ki kula da hijabi da rigar filo. Sai an yi mako shida zuwa takwas ake fara ganin aikinsa, kada ki yanke ƙauna a mako na biyu. Ki cire hannu daga matsa kuraje, kuma in fita rana ta kama, ki sa malafa. Ranar gyaran jiki ki gaya wa mai yi miki ta bi fuskar a hankali, kada ta dirje ta da dilka inda kuraje suke ɗanye.

Idan kurajen manya ne masu zurfi da zafi, ko suna barin rami, ko al'adarki na tsallake watanni tare da fitowar gashi a haɓa, wannan ya wuce shafe-shafe. Ki je babban asibiti mafi kusa, in da hali a tura ki wajen likitan fata, kamar a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ki tabbata kin gaya wa likitan cewa aure za ki yi, domin wasu magungunan kuraje, musamman isotretinoin da doxycycline, ba a ba mai ciki ko wadda ke shirin ɗauka. Ki tafi da robar man haɗin a jaka idan har kin riga kin fara shafawa, ya gani da idonsa.