Na zana mai jirgin da ƙanena ya nutse a ciki, yanzu yana barazanar maka ni a kotu

Tambaya: Barista, ni mai zane ce. Bara jirgin ruwa na fasinja ya kife da ƙanena da wasu mutane da dama. Kwamitin bincike ya ce lodi ya wuce kima, rigunan ceto kuma ba su isa ba. Na yi zane tara a kan abin, na baje su a wani zaure. A ɗaya na zana mai jirgin yana ƙirga kuɗi a kan gawarwaki, na rubuta sunansa a ƙasa tare da kalmar "makashi". Yanzu lauyansa ya aiko da takarda, wai in sauke zanen duka, in nemi afuwa cikin kwana bakwai, ko mu haɗu a kotu. Ai zane fasaha ce, kuma rahoto ya riga ya tabbatar da laifinsa. Akwai abin da zai iya yi mini?

Amsa: Malama, Allah Ya jiƙan ƙaninki, Ya ba ku haƙurin rashi. Ban ga zanen ba, ban karanta rahoton ba, kuma dokar ɓata suna ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka abin da zan faɗa bayani ne na gaba ɗaya. Amma e, mai yiwuwa akwai abin da zai iya yi miki, domin ginshiƙai biyun da kika jingina da su ba su kai ƙarfin da kike zato ba.

Fasaha ba rigar sulke ba ce. Sashe na 19 na yarjejeniyar duniya ta 1966 kan 'yancin ɗan adam da na siyasa ya ambaci fasaha ƙarara cikin 'yancin faɗar albarkacin baki, amma sashen nan dai ya yarda a taƙaita shi don kare mutuncin wasu. Alƙali ba ruwansa da ko da biro aka faɗi magana ko da fenti. Abin da yakan duba shi ne me mai kallo mai hankali zai fahimta, kuma wa zai gane ana nufi. Ke kuwa kin hutar da kowa, kin rubuta suna.

Inda kika fi yin kuskure shi ne batun rahoto. Rahoton bincike ba hukuncin kotu ba ne. Ƙa'idar binciken haɗarin teku da hukumar sufurin ruwa ta duniya, IMO, ta amince da ita a 2008 ta fito fili ta ce irin wannan bincike ba don ɗora laifi ko tantance mai biyan diyya ake yinsa ba, don hana aukuwar irinsa ne. Ko da kwamitinku ba a ƙarƙashin wannan ƙa'ida ya zauna ba, tazarar tana nan. A 1987 jirgin Herald of Free Enterprise ya kife yana barin tashar Zeebrugge ta Beljiyam da ƙofar gabansa a buɗe, mutum 193 suka mutu. Binciken da aka yi a Ingila ya yi wa kamfanin kaca-kaca kan sakaci tun daga sama har ƙasa. Da aka je kotu da tuhumar kisa, shari'ar ta rushe a 1990, ba a kama kowa da laifi ba. Kyaftin ɗin jirgin Costa Concordia, wanda ya kife a gaɓar Italiya a 2012 ya ci rai 32, an ɗaure shi shekara 16, amma a kan kisa ta hanyar sakaci da wasu laifuffuka, ba kisan ganganci ba. Kin ga ke nan "lodi ya wuce kima" daban, "wane makashi ne" daban. Wa ya ba da umarnin lodin? Mai jirgin ya sani, ko wakilinsa ne a tasha? A ƙasashe da yawa, idan kika ce gaskiya kika faɗa, ke za ki kawo hujja, kuma hujjar kalmar da kika rubuta, ba ta abin da ke zuciyarki ba.

Wannan ba ya nufin ba ki da madafa. Ra'ayi na gaskiya a kan abin da ya shafi jama'a, wanda aka gina kan abin da ya tabbata, yakan samu kariya, kuma ba wanda zai ɗauka cewa mutumin ya zauna kan gawa da gaske yana ƙirga kuɗi. Hoton kansa zan iya tsayawa in kare shi, ko da yake ba zan yi miki alkawarin nasara ba. Kalmar nan ɗaya ce ke ɗaure mini kai.

Takardar lauyan kuwa, a ganina ta wuce gona da iri. Zane takwas da babu sunan kowa a ciki, ban ga dalilin neman a sauke su ba, sai dai neman tsorata mai makoki. Kwana bakwai ɗin ma wa'adinsa ne, ba na kotu ba. Duk da haka kada ki yi biris da ita, kada kuma ki ɗora ta a Facebook, don kowane sabon yaɗawa ƙarin makami ne a hannunsa. Ki tuna mai zauren ma ana iya haɗawa da shi a ƙarar, wasu ƙasashen kuma ɓata suna laifi ne da ake gurfanar da mutum a kai, ba diyya kaɗai ba.

Ke mai zane ce, wataƙila kin fi ni sanin Géricault, mai zanen nan na Faransa. Jirgin Faransa Méduse ya maƙale a gaɓar Muritaniya a 1816, aka bar mutum kusan 150 a kan katakon da aka ɗaɗɗaure, bayan kwana 13 aka tarar da 15 da rai. Da aka baje zanen da Géricault ya yi kan abin a Paris a 1819, babu fuskar kyaftin, babu sunansa, ko sunan jirgin ba a sa a taken ba. Kowa ya san da wa ake.

Da ni ce ke, zan rufe rubutun da ke ƙasan zanen nan tun yau, lauyana ya amsa cewa an yi haka ne ba tare da amsa laifi ba, ya nemi a zauna da mai shiga tsakani. Abin da za ki iya bayarwa: cire suna da kalmar, ko musanya su da ainihin jimlar rahoton, harafi da harafi. Abin da za ki nema: sauran zanen su ci gaba da zama a bango, ya kuma sa hannu cewa magana ta mutu. Ina kyautata zaton zai yarda, domin shari'a za ta sa a buɗe takardun lodinsa a bainar jama'a. Kada ki sa hannu kan wata afuwa da lauyansa ya rubuta kafin naki ya karanta ta.

Abu ɗaya da ba ki tambaya ba: diyyar ƙaninki. Tana da wa'adi, inda yarjejeniyar Athens ta 1974 kan ɗaukar fasinja ta teku ke aiki shekara biyu ne, kuma kin ce bara abin ya faru. Ki tabbata duk sulhun da za a yi kan zanen bai ƙunshi yafe wannan haƙƙi ba.